Sharaɗin Abba Kafin Tashi

"Wai ke sai yaushe za ki tausaya mini?"

Auta ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da goge farar rigar aikinta, tana bin kafaɗar da dutsen guga a hankali. Mami, mahaifiyarta, na zaune a bakin gado ta zuba tagumi, idanunta har sun kaɗa tun ba a je ko'ina ba.

Wannan maganar sun yi ta har ta tsufa a bakinsu. Kowacce ta haddace abin da ɗayar za ta ce, amma kuma ba a fasa ba.

"Mami, don Allah. Gobe da sassafe zan fita, tashi uku gare ni."

"Ai kullum tashi gare ki. Yayunki duk suna ɗakunansu, ke kina sama kamar shirwa. Ga yaro nan a falo, ɗan mutunci, ɗan aminiyata, aikinsa a ƙasa, ƙafarsa a ƙasa. Me Likita ya yi miki?"

Gaskiya Likita bai yi mata komai ba, kuma abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Mutum ne mai haƙuri har ya yi yawa. Duk zuwan da zai yi da ledar lemo yake zuwa, firjin gidan ya cika har an rasa inda za a sa ruwa. Sai ya zauna da Abba ya yi ta sauraron labarin jiragen da aka daina hawa tun kafin a haife shi, yana gyaɗa kai kamar ya gane.

"Bai yi mini komai ba, Mami. Ba na son sa ne kawai."

"Shi Dogon da kike so ai ubanki ya ce a'a. Kin san halinsa in ya kafe. Za ki zauna ne har gashinki ya yi fari kina jiran ya sauko?"

Nan Auta ta jingine dutsen guga. Hawayen da take ta haɗiyewa suka ƙwace mata.

"To ni ya zan yi? Na yi roƙo, na yi kuka, na turo Kawu, na turo Yaya Babba. Dogo ya zo gidan nan ya durƙusa har ƙasa, Abba ko wurin zama bai nuna masa ba. Na gaji, Mami. Wallahi na gaji. In ina sama ina tunanin gida, in ina gida ji nake gara saman."

Mami ta jawo ta jikinta tana share mata fuska da bakin mayafi, ita ma tana nata kukan. Ba ƙin Dogo take ba, ita dai ta gaji da zama tsakanin masu taurin kai biyu, uba da 'yarsa.

Suna haka aka yi gyaran murya a bakin ƙofa.

Abba ne, tsohon kyaftin na jirgin sama, wanda ya yi ritaya amma aikin bai yi ritaya daga jikinsa ba. A gidansa ko gas Mami ta kashe sai ya sa wani ya je ya duba. In ya kulle ƙofa da kansa, sai ya kira wani ya murɗa ya tabbatar masa. Yaran gidan sun tashi suna yi masa dariya a ɓoye, sai ga autarsu ta bi sawunsa ta zama mataimakiyar matuƙi.

"Likita ya tafi," in ji shi. "Ya ce a gaishe ki. Ki same ni a falo."

Ta same shi a kujerarsa ta kullum, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Kina ganin kamar zalunci nake miki ko?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ki faɗa, ba zan ji haushi ba."

"Abba, shekarun da aka yi da wannan abin fa da yawa. Lokacin yaro ne. Yanzu kyaftin ne, an ba shi jirgi, an ba shi rayukan mutane."

Labarin kowa a gidan ya san shi. A ƙa'idar aikinsu, kafin jirgi ya tashi, matuƙi ɗaya ne yake shigar da hanyar fita cikin kwamfutar jirgin. Ɗayan kuma sai ya riƙe taswirar da hukuma ta buga wa wannan titin tashin, ya bi ta layi-layi yana gwadawa da abin da ke kan allon: tsayin da za a kai, inda za a karya, dama ko hagu. Sai ya ga komai da idonsa sannan ya ce, "An tantance." Wanda ya shigar ba ya tantance wa kansa, domin kwamfuta ba ta da wayo, abin da aka ba ta shi za ta bi ko da cikin dutse ne.

A lokacin da Abba yake jarraba sababbin matuƙa a ɗakin gwaji mai kwaikwayon jirgi, da gangan ya shigar da karyawar da ba daidai ba, ya juya ya dubi Dogo. Dogo kuwa, ga rawar kai ga son burge malami, ya ce, "An tantance," taswirar tana kife a kan cinyarsa. Abba ya kayar da shi a ranar, kuma har yau bai ɗaga shi ba a zuciyarsa.

"Kuskure kowa na yi," in ji Abba. "Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Ba kuskure nake ƙi ba, Auta. Mutumin da zai ce ya duba alhali bai duba ba, shi nake tsoro. Aure ma haka yake, mutum biyu ne a gaba, kowa na riƙe da ran ɗan'uwansa."

"Ya canza, Abba."

"Ke kika ce."

Ya daɗe yana kallon ta. Fuskarta ta faɗa, ƙasan idanunta ya yi baƙi. Shi ma uba ne, abin yana cin sa.

"Na ji uwarki tana cewa gobe an haɗa ki da Dogo jirgi ɗaya."

"Eh."

"To ga abin da za a yi, don ni ma na gaji. A aikin nan babu ranar da lokaci ba ya ƙurewa. In ya ƙure muku gobe, ki zuba masa ido. Kada ki tuna masa, kada ki gaya masa mun yi magana. In shi da kansa ya tsaya ya ce ki duba masa, ki dawo ki faɗa mini, zan ɗaga waya in kira baffansa. In kuwa ya wuce bai ce ba, ki bar mini maganarsa har abada."

Ta ɗago ta dube shi.

"Wa zai zama shaida, Abba?"

"Bakinki. Ban taɓa kama ki da ƙarya ba."

* * *

Tashi biyun farko sun tafi lafiya lau, babu abin da ya ƙure. Komai an yi shi a natse, ya shigar, ta duba, suka tashi, suka sauka. Dogo yana ta satar kallon ta, domin tun safe ba ta ce masa komai ba sai maganar aiki.

Shi ma a gajiye yake. Watannin nan sun rage masa fara'a, har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ji labarin Likita da lemonsa, kuma ba ya tambaya, don ba ya son jin amsar.

Na ukun ne ya zo da rigima.

Hadari ya taso ya tsare su a ƙasa da fasinjoji cike da jirgi. Shugabar ma'aikatan ciki ta leƙo sau ba adadi, tana cewa mutane sun fara ɗaga murya, wani har ya ce a buɗe masa ƙofa ya sauka. Ofishin kamfani na ta kira ta rediyo. Awannin da doka ta yarda su yi aiki a yini sun kusa cika, in suka ƙara jinkiri kaɗan dole a sauke kowa a nemo wasu matuƙan. Bayan Auta ya riƙe, kanta yana sarawa, shayin da aka kawo mata ya huce ba ta taɓa ba.

Da ƙyar aka ba su izinin motsawa. Suna cikin layi, jirage a gaba jirage a baya, sai muryar mai kula da hasumiyar filin jirgin ta shigo. Iska ta juya, an canza titin tashi, su bi ta ɗaya gefen. In sun shirya yanzu, su ne na gaba. In ba su shirya ba, su koma ƙarshen layi.

Canjin titi yana nufin canjin hanyar fita gaba ɗaya. Dogo ya taka birki, ya sunkuya kan kwamfutar, yatsunsa suna gudu. Cikin ƙiftawar ido ya gama.

Auta ta ƙanƙame hannun kujerarta. Lokacin da Abba ya faɗa ke nan. Ta kame bakinta kamar yadda Abba ya ce, ta zuba masa ido.

"Kun shirya?" in ji hasumiya.

Hannun Dogo ya kai kan maɓallin rediyo. Ta ga yadda ya dubi agogo, ta ga yadda ya dubi titin da yake buɗe a gabansu fayau. Ta rufe ido.

"Ba mu shirya ba," ta ji ya ce. "A ba mu ɗan lokaci."

Ya ja birkin tsayuwa, ya juyo gare ta.

"Buɗe taswirar sabon titin. Ni na shigar, kuma da sauri na yi. Ki duba mini."

Duk watannin kuka, duk zaman falo, duk ledojin lemo, ga shi sun ƙare a cikin magana ɗaya. Ta buɗe taswirar, ta ɗora yatsa a kan layin farko, ta fara karantawa da murya kamar yadda aka saba. Tsayi kaza, a miƙe. Sannan a karya dama. Bakinta na karantawa, amma idonta ya cika da ruwa, kuma ba allon kwamfutar yake kallo ba. Gefen fuskarsa take kallo, da ɗan gumin da ya tsattsafo masa a goshi, tana cewa a ranta, yau dai Abba zai ɗaga waya.

"An tantance," ta ce.

"Madalla." Ya saki birki.

Jirgin ya ɗauki gudu, ya ɗaga, ƙasa ta yi baya. Suka shige cikin gajimare, gilashin gaba ya yi fari fat. Dogo ya ce ta kunna na'urar tuƙi, ta kunna. Jirgin ya karɓi kansa lami lafiya, ya ɗan miƙe, sannan ya kwantar da fiffike.

Hagu ya kwanta.

Ta gefen hagun nan jirage masu sauka suke gangarowa, shi ya sa taswirar ta ce dama.

"Ina za ku?" Muryar mai kula da hanyar jirage ta faso kunnuwansu, ba irin muryar ɗazu ba. "Ku karya dama yanzu, dama, akwai jirgi a gefenku!"

Kafin ya rufe baki Dogo ya riga ya kashe na'urar ya karɓi tuƙin da hannu. Ya mayar da jirgin dama, a natse amma ba da wasa ba. A kan allo Auta ta ga ɗigon ɗaya jirgin ya matso, ya canza launi, sannan ya fara ja da baya. Ta amsa wa mai kula da hanya da muryar da ita kanta ba ta gane ba.

A baya fasinjoji ba su san an yi ba. Wataƙila wani ya ɗan riƙe kofinsa.

Da suka daidaita a sama ta duba allon, wannan karon da idonta. Abin a fili yake, ko ɗalibi zai gani. Titin ya canzu, amma karyawar farko ta tsohuwar hanyar ce ta zauna daram, hagu. Layi na biyu ne, wanda yatsarta ta bi ta kansa.

Har suka sauka babu wanda ya yi magana sai ta aiki.

* * *

A wurin ajiye motocin ma'aikata ya tsayar da ita. Rana ta yi sanyi, ƙasa duk ruwan sama. Ya ajiye jakarsa a kan murfin mota ya jingina.

"Na kai rahoto ofishin kiyaye haɗari," in ji shi. "Na ce ni na shigar ba daidai ba, domin haka ne. Za su kira mu mu biyu." Ya juyo ya dube ta. "Auta, kin duba kuwa?"

Ta girgiza kai, sai kuka. Irin kukan nan na wanda ya gaji, marar ƙara, kafaɗu kawai ke rawa.

"Me ya same ki? Ke da ko a ɗakin gwaji ba a taɓa zille miki ba?"

Nan ta kwashe komai ta gaya masa, sharaɗin Abba, da wayar da ya ce zai ɗaga, da alkawarin da ta yi na yin shiru. Dogo ya saurara baki buɗe. Da ta gama sai ya yi wata 'yar dariya wadda babu daɗi a cikinta, ya shafa kansa.

"Wato yau jarrabawa nake ban sani ba."

"Kuma ka ci," ta ce cikin kuka. "Ka ci, Dogo. Ni ce na faɗi. Mutum nawa ne a bayanmu? Akwai mai jariri a layin gaba, na gan ta tana shiga. Na ce an tantance, na faɗa da bakina, irin maganar da aka hana ka ni saboda ita."

"Ya isa. Kowa ya sauka lafiya."

"Da ba ka yi sauri ba fa?"

"Na yi sauri ai."

Wata motar ɗaukar kaya ta wuce tana fallatsa ruwa.

"Kin san tun ranar da mahaifinki ya kayar da ni," in ji Dogo a hankali, "ban ƙara tashi ba sai an duba mini. Ko sau ɗaya. Ba don ke ba, lokacin ban ma san ki ba. Kunyar ranar ce ba ta sake ni ba. Na daɗe ina son ya sani, na rasa ta inda zan bi."

"Zai sani yau."

"To ki faɗa masa abin da ya aike ki ki gano." Ya kawar da kai, yana wasa da makullin mota. "Cewa ya yi ki ga ko zan tsaya. Na tsaya. Sauran kuwa…"

Bai ƙarasa ba. Ta dube shi, shi ma ya dube ta, kunya ta kama shi har ya sunkuyar da kai.

"Na gaji ne, Auta," ya ce. "Na gaji da jira. Ki yi abin da kika ga ya dace."

* * *

Ta tarar da Abba a kujerarsa, tabarau a hanci, wayarsa a kan ɗan teburin gefe. Da gani tun rana yake zaune a wurin. Mami ta fito daga kicin da tawul a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa ƙarasowa.

Auta ko takalmi ba ta cire daidai ba, ta durƙusa a gabansa da rigar aikin da ta goge jiya, duk ta yamutse.

"Sannu da hanya. Lokaci ya ƙure?"

"Ya ƙure, Abba. Muna layi aka canza mana titi. Hasumiya ta ce mu ne na gaba."

"Sai ya yi yaya?"

"Ya ce ba mu shirya ba. Ya ja birki, ya ce shi ya shigar kuma da sauri ya yi, in duba masa."

"Ke kika tuna masa?"

"Ko tari ban yi ba."

Abba ya cire tabarau. Ya daɗe yana murza idonsa, sannan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, kamar wanda aka sauke wa kaya. Mami ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye na bin kuncinta, ta ma manta da aminiyarta da ɗan aminiyarta.

"To alhamdu lillahi," in ji Abba. "Ashe yaron ya ji magana. Na riƙe shi da yawa, Allah ya yafe mini." Ya miƙa hannu ya ɗauki wayar. "Ba ni lambar baffan nasa."

Ta karanto masa. Yana dannawa ɗaya bayan ɗaya da yatsa guda, irin na tsofaffi, har da ɗan murmushi. Rabon da ta ga wannan murmushin har ta manta. Da ya gama, bisa al'adarsa ta kullum, sai ya juyo mata da fuskar wayar.

"Duba mini, daidai ne?"

Ta duba lamba-lamba. "Daidai ne."

Ya kai yatsa zai danna kira, sai ya tambaya, ba da wata manufa ba, hira ce kawai ta tsohon matuƙi da ke kewar aiki.

"Da kika duba masa, kin samu wani abu?"

Mami tana murmushi tana jiran a wuce wurin. Kalma ɗaya ce tsakaninta da Dogo, kuma Abba ba zai taɓa neman wani shaida ba, shi da bakinsa ya faɗa.

"Auta?"

"Ban duba ba, Abba."

Yatsarsa ta tsaya a sama.

"Na ce masa an tantance, amma ban duba ba. Jirgin ya karya hagu, akwai wani jirgi a gefenmu. Dogo ne ya ƙwato mu." Ta haɗiye kuka. "Taswirar tana hannuna. Fuskarsa nake kallo."

Tawul ɗin ya suɓuce daga hannun Mami.

Abba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya dubi lambar da ke kan wayar, ya dubi 'yarsa da ke durƙushe, wadda shi da kansa ya koya wa riƙe taswira tun tana zama a cinyarsa. Sannan a hankali ya kife wayar a kan tebur, bai kira ba, bai kuma goge lambar ba.

A waje aka ji tsayuwar mota, da ƙarar leda, da sallamar Likita.